Lodin Amalanke da Lodin Jirgin Sama

Da zarar kaka ta kankama, hanyoyin gona na Tudun Wada da Doguwa da Ƙiru da Bebeji ba sa rabuwa da ƙarar amalanke. Wannan ya ɗauko shinkafa shanshera daga fadama, wancan ya ɗauko masara daga gonakin gefen dajin Falgore, wani kuma dawa zai kai bakin titi inda motocin Kwanar Ɗangora ke jira. Wanda bai san aikin ba zai zaci jibga buhuna kawai ake yi har wuri ya ƙare. Gogaggen mai amalanke kuwa buhunan farko, masu nauyi, a tsakiya yake kwantar da su, daidai saman ƙarfen da ya riƙe tayoyin nan biyu. Daga nan ya ƙara a gaba, ya ƙara a baya, yana yi yana dubawa. In 'yan dako sun gama, kafin ya kaɗa shanu, sai ya zagaya gaba ya sa hannu ƙarƙashin doguwar sandar da ta haɗa amalanken da karkiya, ya ɗan jinjina ta. Abin da hannunsa ke nema shi ne ɗan rinjaye ta gaba, daidai wanda zai zaunar da karkiya a wuyan shanu ba tare da ya danne su ba.

Ya san abin da kuskure ke jawowa. In kaya suka taru a gaba, karkiya za ta dulmiya wuyan bijimai, su riƙa tafiya a sunkuye, kafin a isa gida ta ci musu fata. In suka taru a baya, abin ya fi muni, domin a miƙaƙƙiyar hanya ba za a ga komai ba, sai an zo hawa tudu ko fita daga mashigin rafi sandar ta yi sama, karkiya ta shaƙe shanu, amalanke ya miƙe tsaye, buhuna su zube ta baya. Saboda haka tambaya biyu ce a ransa kullum: kayan nan nauyinsu nawa, kuma ina aka ajiye su? Ana iya dacewa da amsar ta farko a faɗi a ta biyu. Buhu biyar a saman taya ba sa karkata amalanke ko'ina, amma buhu ɗaya a can ƙarshen baya yana karkata shi.

Waɗannan tambayoyi biyu su ne ake yi wa kowane jirgin sama kafin ya tashi daga filin Malam Aminu Kano ko kowane fili a duniya. Manyan fukafukai ne ke ɗauke da jirgi a cikin iska, a kansu yake rinjaya gaba ko baya, yadda amalanke ke rinjaya a kan tayoyinsa. Ana ƙera shi ne da nufin ya ɗan fi nauyi ta wajen hanci, sannan ƙananan fukafukan da ke jela su riƙa danna bayansa ƙasa don ya daidaita. Aikin da wuyan shanu ke yi ke nan, kuma kamar wuyan shanu, ƙarfinsu yana da iyaka. Wurin da nauyin jirgi duka ya tattaru, wanda injiniyoyi ke kira cibiyar nauyi, dole ya faɗa cikin wani ɗan tsaki da masu ƙera jirgin suka ƙayyade. A Boeing 737 irin wanda ke jigila tsakanin Kano da Legas, jirgin da tsawonsa ya doshi mita 40, wannan ɗan tsakin bai kai mita ɗaya da rabi ba. In cibiyar ta wuce gaba, matuƙi zai ja sitiyari jirgi ya ƙi ɗaga hanci, titi kuwa yana ƙarewa. In ta wuce baya, hanci zai tashi da kansa tun ba a nema ba, ya yi ta yin sama har iska ta daina ɗaukar fukafukai. Ko a ƙasa abin yana nuna kansa: akwai dogayen jiragen da ake tokare wa jela da sandar ƙarfe yayin sauke fasinja, don kada mutanen gaba su fita, na baya su rinjaye shi ya zauna a kan jelarsa.

Amma akwai inda mai amalanke ya fi matuƙin jirgi gata, kuma nan ne duk maganar take. Mai amalanke yana da hannu. Ko an yi masa ƙarya game da buhunan, sandar ba za ta yi masa ƙarya ba, kuma in ya fara tafiya ya ji ba daidai ba sai ya tsaya a gindin bishiya ya gyara. Matuƙi ba shi da sandar da zai jinjina. Jirgi mai tan 70 da mai tan 78 kusan iri ɗaya suke a hannunsa yayin da yake gangarawa bakin titi. Bambancin ba zai bayyana ba sai ana tsala gudun da ya haura kilomita 250 a awa, lokacin da tsayawa ta riga ta wuce. Abin da yake da shi a madadin hannu takarda ce guda, takardar lodi.

Wani ma'aikaci ne ke haɗa ta, wani lokaci a ofishin da ke cikin filin, wani lokaci a kwamfutar da ke wata ƙasa dabam. A ciki akwai nauyin jirgin shi kaɗai, da na ma'aikatansa da abincinsu, da na mai, da yawan fasinja da ɓangaren da kowa ya zauna, da nauyin jakunkuna da rumbun da aka zuba su, na gaba ko na baya. Kyaftin ya duba ya sa hannu. Daga wannan takarda ake fitar da gudun da za a kai kafin a ɗaga hanci, da saitin fukafukan jela, da yawan wutar da za a ba injina. Na ƙarshen nan mutane da yawa ba su san da shi ba. Matuƙa ba sa buɗe wa inji wuta duka a kowane tashi. In jirgi ba shi da nauyi, titi kuma dogo ne, da gangan ake rage wutar don injin ya yi ƙarko. Dabara ce mai kyau muddin lambar da aka gina ta a kai gaskiya ce. In takarda ta rage nauyi, jirgi zai sami ƙarancin wuta a daidai ranar da ya fi buƙatarta.

Wani abin kuma, jakunkuna ne kawai ke hawa sikeli. Mu fasinja ƙirga mu ake yi. Akwai ƙiyasin da hukumomi suka amince da shi, a ƙa'idar Turai misali, namiji kilo 88 har da jakar hannunsa, mace kilo 70, yaro kilo 35. A ninka da yawan mutane, a rubuta. Duk wanda ya taɓa lodi a gona ya san raunin wannan lissafi. Buhu goma ba buhu goma ba ne. Buhun shanshera dabam, buhun masara dabam, masarar da aka ɓare jiya ba ta gama bushewa ba dabam da wadda ta sha rana, ga kuma buhun dillalai da ake ɗinka wa ƙari a baki. Mai ƙirga buhu ba ya awo, zato yake yi, kuma zaton yana tafiya daidai ne kawai in buhunan sun yi kama da waɗanda aka gina zaton a kansu.

Ranar 8 ga Janairu 2003, wani ƙaramin jirgi ƙirar Beechcraft 1900 na kamfanin Air Midwest ya tashi daga Charlotte a Amurka da fasinja 19 da matuƙa biyu. Matuƙan sun yi lissafinsu bisa ƙa'ida, takarda ta ce komai na cikin iyaka. A zahiri jirgin ya haura iyakarsa da kilo wajen 260, kuma nauyin ya taru a baya. Ƙiyasin da suka dogara da shi tsoho ne, mutane sun ƙara jiki, jakunkuna sun ƙara girma, lambar ba ta motsa ba. Aka yi rashin dace, kwana biyu kafin nan makanikai sun ɗaure wayoyin da ke juya fukafukan jela ba daidai ba, har ya zama rabin ikonsu kawai suke da shi wajen danna hanci ƙasa. Jirgin na barin ƙasa hancinsa ya yi sama, matuƙiyar ta tura sitiyari iya ƙarfinta, bai amsa ba. Bai cika minti ɗaya a sama ba ya faɗo kan wani ɗakin gyaran jirage, duk mutum 21 suka rasu. Da hukumar jiragen Amurka ta sa aka auna fasinjojin ƙananan jirage bayan haɗarin, sai aka tarar kowane mutum ya ɗara ƙiyasin da kusan kilo 9.

Shigowar kwamfuta bai kashe wannan kuskure ba, kama ya sauya masa. A watan Yuli 2020 wani jirgin kamfanin TUI ya tashi daga Birmingham a Ingila, manhajar kamfanin ta lissafa manyan mata 38 a matsayin yara, aka sami giɓin kilo 1,244. A 2014 kuma akasin haka ya faru da jirgin Qantas daga Canberra zuwa Perth a Ostireliya, inda aka rubuta 'yan firamare 87 a matsayin manya. Yaran a baya suka zauna, takarda ta ce baya na da nauyin da babu shi, aka saita jela a kan haka, sai da kyaftin ya ja sitiyari da ƙarfin gaske kafin hanci ya ɗagu. Duka jiragen biyu sun isa lafiya.

Wanda bai isa lafiya ba, kuma ya fi kusa da mu, shi ne na Kwatano a Jamhuriyar Benin. 'Yan kasuwarmu masu zuwa sayen motoci da atamfa sun san filin jirgin garin, titinsa ya miƙe har kusan bakin teku. Ranar Kirsimeti ta 2003, jirgin kamfanin UTA na ƙasar Gini, tsohon Boeing 727, ya iso daga Konakiri zai wuce Bairut. Yawancin fasinjojin 'yan Labanan ne mazauna Afirka ta Yamma masu tafiya hutu gida, kowa da tsarabarsa, akwai kuma sojojin Bangaladash 15 da ke komawa daga aikin kiyaye zaman lafiya. Hawa jirgin ya kasance cikin hargitsi. Mutane sun shiga da manyan kayan hannu, aka cika rumbun gaba da jakunkuna maƙil, babu wanda ya miƙa wa matuƙa sahihiyar takardar da ta faɗi nauyin abin da aka zuba da inda aka zuba shi. Matuƙan sun damu, na'urar naɗar murya ta riƙe maganganunsu a kan lodin. Daga ƙarshe suka yi ƙiyasi da ka, suka ɗauka jirgin yana wajen tan 78, suka saita jela kamar nauyin yana tsakiya. Masu binciken Faransa da gwamnatin Benin ta gayyato sun gano ya kai wajen tan 85 da rabi, kuma ya rinjaya gaba sosai.

Da gudu ya kai, aka ja sitiyari, hanci ya ƙi tashi. Sai da aka ci ragowar titin kafin ya ɗan ɗagu, ya daki wani ɗan ginin na'urorin sauka da ke bayan ƙarshen titin, ya tarwatse a bakin teku, wani sashensa cikin ruwa. Fiye da mutum 140 suka mutu. Abin da ya fi tsaya mini a rai cikin rahoton shi ne masu binciken sun sha wahala wajen tabbatar da ainihin yawan mutanen da ke cikin jirgin, domin takardun ba su yi daidai da juna ba. Kamfanin da bai iya ƙirga rayukan da ya ɗauka ba, ina zai san nauyin jakunkunansu? Babu injin da ya mutu a Kwatano, babu hadari, babu hazo. An kayar da jirgin nan tun yana tsaye, jaka bayan jaka, kowace da mai roƙonta da wanda ya kau da kai ya bari ta wuce.

Ba a ƙananan kamfanoni kaɗai ake samun wannan ba, kuma ba kullum son kuɗi ke jawo shi ba. Wani lokaci ɗan yatsa ne. Ranar 20 ga Maris 2009 da dare, jirgin Emirates ƙirar Airbus A340 zai tashi daga Melbourne zuwa Dubai da mutum 275. Nauyinsa tan 362.9. Mataimakin matuƙi ya danna 262.9 a kwamfutar lissafin tashi. Lamba ɗaya ce ta sauya, tan 100 suka ɓace. Matuƙa huɗu ne a ɗakin tuƙi, akwai matakan dubawa da aka tsara don kama irin wannan, amma ana ta shige da fice, wannan ya kawo takarda, wancan ya yi tambaya, kowane mataki ya wuce ba a kama ba. Kwamfuta ta ba su wutar jirgi marar nauyi. Suka ja hanci tun gudu bai isa ba, jela ta gurji kwalta, jirgi ya fita ƙarshen titi yana cin ciyawa, ya kakkarya fitilu da eriya, sai da kyaftin ya buɗe wuta duka sannan ya tashi da ƙyar. Suka zubar da mai a sama, suka dawo suka sauka, ba a rasa rai ba. Ma'aikatan jirgin kaya na MK Airlines, Boeing 747 mai rajistar Gana, ba su sami wannan sa'a ba a Halifax ta Kanada ranar 14 ga Oktoba 2004. An ƙara musu lodin kifi da mai, amma lissafin tashinsu ya fito ne daga nauyin zangon da ya gabata, wanda ya gaza na gaskiya da fiye da tan 100. A gajiye suke liƙis bayan doguwar tafiya. Su bakwai ne, babu wanda ya fita.

Akwai kuma ɗauri. Mai amalanke ba ya tashi sai ya ja igiya ya tamke, domin kayan da aka jera daidai suna iya zamewa a hanya. A Bagram ta Afganistan, ranar 29 ga Afrilu 2013, wani Boeing 747 na kaya ya tashi da motocin soja masu sulke guda biyar. Ɗaurin bai isa ba, motar baya ta ƙwace ta fasa bangon jela ta lalata na'urorin da ke juya fukafukanta, jirgin ya miƙe sama ya faɗo, mutum bakwai suka rasu.

Mu a Kano muna da ƙarin dalilin kula da wannan lissafi, wato zafi. Lodin da shanu za su ja da sanyin safiya a kan tsandauri ba shi za su ja da azahar a cikin yashi ba. Iska mai zafi ba ta da kauri, inji ba ya samun abin shaƙa sosai, fukafuki ba ya samun abin takawa sosai. Kano kuma tana kan tudu, wajen mita 470 sama da teku, ga zafin Afrilu da Mayu da kan kai maki 40. Jirgin da zai tashi daga Legas da wani nauyi cikin sauƙi yana buƙatar titi mafi tsawo a Kano da tsakar rana, ko a rage masa kaya. Mutanen Gwammaja ba su manta da 4 ga Mayu 2002 ba, ranar da jirgin EAS ƙirar BAC 1-11 da ya zo daga Jos zai wuce Legas ya faɗa unguwarsu. Babban titin filin jirgin Kano ana gyaransa, aka yi amfani da gajeren. Jirgin ya wuce ƙarshen kwalta kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura, ƙarfinsu ya ragu. Fiye da mutum 100 suka rasu, na cikin jirgi da na cikin gidajensu, har da ministan wasanni Ishaya Mark Aku. Ban kawo shi don in ce lodi ne ya kayar da shi ba. Na kawo shi ne don a ga nauyi da zafi da tsawon titi lissafi ɗaya ne, kuma wanda ke zaune a tsakar gidansa bai sayi tikiti ba shi ma lissafin ya shafe shi.

Wani zai ce, to ai jiragen TUI da Qantas sun isa lafiya, ashe akwai rara a lissafin. Gaskiya ne akwai, kuma babban jirgi yana haɗiye kurakurai da yawa ba a ji ba. Hawa jirgi ya fi bin titin Kano zuwa Zariya aminci nesa ba kusa ba. Sai dai rarar nan tana da mai ita. Ana lissafin kowane tashi ne a kan cewa inji ɗaya zai iya mutuwa a mafi munin lokaci, jirgin kuma ya iya tsayawa kafin titi ya ƙare ko ya iya hawa da ragowar injinsa ya tsallake gidaje. Kayan da ba a rubuta ba daga wannan ajiya suke ci, kuma ba mai gani, domin injina ba su cika mutuwa ba. Amalanken da aka yi wa obalodi yakan isa gida yau, ya isa gobe, mai shi ya fara ganin tsoron da ake ba shi surutu ne, har ranar da sa ɗaya zai yi tuntuɓe a tsakiyar rafi.

Inda wannan magana ta fi shafar mutanen Bebeji da Ƙiru da Tudun Wada da Doguwa shi ne aikin Hajji da Umara, domin mafi yawanmu ta nan muke fara taka jirgi. Shekaru da dama ƙa'idar alhazan Najeriya ta kasance babbar jaka kilo 32, ta hannu kilo 8. A tafiya ba a cika samun matsala ba. A dawowa ne rigima take, lokacin da aka sayo dabino da darduma da carbi da jallabiya da agogo da bargo, ga 'yan uwa na ƙauye guda suna jiran tsaraba. Duk wanda ya taɓa tsayawa wajen awon kaya ya ji irin maganar. "Haba ɗana, kilo uku ne fa kacal, ka yi mini alfarma." "Baba Alhaji, ba daga ni ba ne." "Yaro, ka dubi girman Allah, na marayu ne." Wata Hajiya ta jibga kaya uku a jikinta, ta rataya jaka ƙarƙashin hijabi, wani ya cusa gorar Zamzam tsakiyar tufafi alhali an hana, kuma an tanadi hanyar kawo masa nasa dabam. Ba mugunta ke sa su ba, kunya ce da son fita haƙƙin zumunci, kuma na san nauyin komawa gida hannu rabbana bayan dangi sun yi maka rakiya har sansanin alhazai. Amma da yayyafi kogi kan cika. Jirgin da ya ɗauki alhazai 400, in kowa ya shigar da kilo 5 da ba a auna ba, tan biyu ke nan da babu su a takardar kyaftin. Rarar da aka auna aka biya kuɗinta ba ta da haɗari, domin ta shiga lissafi. Mai haɗarin ita ce wadda aka ɓoye, ko aka ba wani na goro ya kau da kai.

Ina ganin a nan muna zaluntar ƙananan ma'aikata. Yaron da ke bakin sikeli shi ne ake zagi, a ce ba shi da mutunci, bai san manya ba, alhali shi ne kaɗai a wurin yake yi wa matuƙi aikin da hannu ke yi wa mai amalanke. Haka ma'aikaciyar jirgi da ta ce, "Yallaɓai, don Allah ka koma kujerarka har mu tashi," ga kujeru birjik a gaba babu kowa. Ba iko take nunawa ba. An lissafa ka ne a inda tikitinka ya ce, kuma a ƙaramin jirgi mai farfela mutum biyar su tashi daga baya su koma gaba ya isa ya gusar da cibiyar nauyi. In kuma aka ce jakarka ba ta samu shiga ba sai jirgin gobe, akwai ɓacin rai, kuma haƙƙinka ne kamfani ya kawo maka ita ba tare da wahalar da kai ba, amma sau da yawa wani ne ya duba zafin rana da tsawon titi ya ƙi sa hannu a kan ƙarya.

Babban nauyin dai yana wuyan kamfanoni da hukumar da ke sa musu ido. Su ne za su hana a riƙa katse matuƙa yayin da suke shigar da lambobi, su ne za su tabbatar mutum biyu sun yi lissafin kowa shi kaɗai sannan a gwada, su ne za su ba mai haɗa takardar lodi ikon ya ce a sauke kaya ko da na mai kamfanin ne, ba tare da ya ji tsoron rasa aikinsa ba. Su ne kuma ke da alhakin ƙiyasin nauyin fasinja. A 2023 kamfanin Air New Zealand ya ajiye sikeli a filin Auckland ya roƙi fasinjoji sama da 10,000 su hau, a auna har da jakunkunan hannunsu, ba a rubuta suna, lambar ma ba ta fitowa a fili, don kawai a sabunta ƙiyasi. Finnair ya yi irin haka a Helsinki a 2024. Abin da nake so hukumar alhazai da hukumar kula da jiragen sama ta Najeriya su riƙa yi ke nan duk bayan 'yan shekaru, a sansanin alhazai na Kano ranar tafiya, sannan a Jidda da Madina ranar dawowa, mutum da duk abin da ke hannunsa da wuyansa da ƙarƙashin mayafinsa. A ware awon tafiya dabam, na dawowa dabam, a ba kamfanonin jigila lambobin biyu su gina takardunsu a kai.